Yana Ɗan Taɓawa

Ranar da na fara aiki a unguwar Nasiriyya, a gidan kafilina, wato Balaraben da iƙamata, takardar izinin zamana, take hannunsa, tambayar farko da ya yi mini ba ta tuƙi ba ce. Bai nemi lasisi ba, bai tambaye ni ko na san hanyoyin Riyad ba. Cewa ya yi in faɗa masa sunan babban ɗana. Su a nan haka suke girmama mutum, su kira shi Abu wane, da sunan ɗansa na fari. Ni kuwa inda na fito, sunan ɗan fari shi ne abin da baki ba ya ɗauka. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan yayanmu ba, sai dai "kai" ko "wancan". Na tsaya ina sosa ƙeya, Balarabe yana jira, sai kawai na ba shi sunan ɗana na biyu. Sama da shekara ashirin ke nan da wannan suna ake kirana a gidan, tun daga maigidan har jikokinsa.

Shi na farin, da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma kamar yadda aka saba a gidanmu. Gida ɗaya muke, amma idan ya shigo ta nan sai in fita ta can. Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ƙi ne. Ranar da aka haife shi na zagaya bayan gida cikin dawa na yi ta dariya ni kaɗai kamar wani taɓaɓɓe, sannan na gyara fuska na fito na ce wa masu barka, "Ashe an sami ƙaruwa? To, madalla." Yana ɗan shekara goma sha ɗaya na taho Saudiyya. Duk bayan shekara biyu nakan je hutu, in tarar ya ƙara tsawo, in yi kamar ban lura ba.

Ƙwallo ya kama, kuma ta karɓe shi. Na so ya yi nisa a boko, na aika masa da faɗa ta bakin ƙanena, kakarsa ta ce a ƙyale mata mijinta, kowa da inda Allah ya ajiye abincinsa. Ya buga wa ƙungiyar jiharmu, ya buga wa wata a kudu, daga nan wata ƙungiya a arewacin Afirka ta ɗauke shi shekara uku. Lamba bakwai yake sawa, gefen dama. Aikinsa ya bi layi da gudu, a cillo masa ƙwallo daga can tsakiyar fili ta saman kawunan mutane, ya saukar da ita a ƙafa a hankali kamar mai karɓar ƙwai, ya yanke wanda ya tare shi, ya miƙa wa mai ci. Ni ban san ƙwallo ba, amma na san wannan, don duk bidiyonsa da aka ɗora ina da shi a waya. Ba wanda ya kai direba jira: ƙofar banki, ƙofar asibiti, ƙofar gidan biki. Wasu direbobin su yi barci, wasu su yi gulma, ni kuwa in kwantar da kujera in kunna. Akwai wani gajere da na kalla har na haddace ihun mai sharhin, alhali Faransanci yake yi. Idan wani ya leƙo ya ce wane ne wannan, sai in ce wani yaro ne daga wajenmu.

A shekararsa ta uku a can gwiwarsa ta hagu ta samu matsala, aka yi masa aiki. Ya warke, ya dawo fili, amma da kwantiraginsa ya ƙare ba su sabunta ba. Ya koma gida da mata da 'ya'ya biyu, yana shekara ashirin da tara, ba ƙungiya. Wata takwas yana tashi da asuba yana gudu a bakin titi shi kaɗai, yana jiran waya. Uwarsa ce take ba ni labari, ita ma a kaikaice, ta ce "yaron nan" ya rame.

A wannan lokacin kafilina ya riga ya yi ritaya, ya shiga hukumar wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallo ta 'yan rukuni na biyu a gefen gari, kuma shi aka damƙa wa maganar ɗaukar 'yan wasa. Tun daga nan motata ta koma zauren taro. Ina kai shi filin atisaye bayan la'asar in jira, a nan na saba da mai tausar 'yan wasan. Bahaushe ne haifaffen Makka, kakansa ya zo hajji a ƙasa bai koma ba. Hausarsa ta sha Larabci har ta gurɗe, ina tsokanarsa da cewa tasa ta gwangwani ce, shi kuma yana kirana baƙauye. Wata rana na daure na nuna masa bidiyon, na ce wani yaro ne daga garinmu ba shi da ƙungiya, ko zai nuna wa koci. Ya kalli wayar, ya kalle ni, ya sake kallon wayar.

"Ya ahi, wannan hanci ai naka ne."

"Garinmu duk hancinmu ɗaya," na ce.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Na roƙe shi kada maigidana ya ji. Na ce ba na so a ce don ina tuƙa shi aka gayyaci yaron, kuma gaskiya ne, amma ba ita ce duk gaskiyar ba. Ba zan iya tsayawa gaban mutum in ce ga ɗana ku duba shi ba. Koci ya ga bidiyo, ya so, aka aika da takardar gayyata ta gwajin kwana goma.

Mai tausa ne ya ɗauko shi daga filin jirgi, aka sauke shi a masaukin ƙungiya. Ranar Juma'a ya kawo mini shi ɗakina a unguwar Malaz. Ya shigo ya durƙusa har ƙasa, ƙato guda, kafaɗunsa sun cika ƙofa. Na tambaye shi kakarsa, na tambaye shi uwarsa, ƙannensa, damina, har makwabcinmu mai ciwon ido sai da na tambaya. Shi ne kawai ban tambaya ba. Na dafa shinkafa da wake tun safe, na soya manja da albasa, don uwarsa ta taɓa cewa shi ne abincinsa. Muka ci mu uku a tire ɗaya, ina tura naman gefensa da bayan cokali, ina kallon bango. Mai tausa ya gaji da shirun ya ce, "Ku biyun nan an yi muku rasuwa ne?" Yaron ya yi murmushi ya ce, "Haka muke hirarmu." Na ji daɗin wannan amsa ƙwarai, na ce a raina kakarsa ta yi tarbiyya.

A kwana na bakwai aka yi wasan gwaji. Na ajiye maigida a ƙofar shiga, na kai mota can gefe inda ake hango fili ta cikin shingen waya. Zafi bai gama sauka ba, na kashe inji na sauke gilas. Shi ne karo na farko a duniya da na ga ɗana yana buga ƙwallo da idona. A waya ƙarami ne, a nan kuwa ana jin ƙarar takunsa. Sau biyu aka cillo masa doguwar nan ya saukar, sau ɗaya aka kwashe masa ƙafa ya faɗi a kan gwiwar hagun, sannan ya miƙe. Can kusa da tashi aka sake jefo masa wata, kowa ya ɗauka ta fita, ya bi ta ya tare a kan layi, ya yanke mutum biyu, ya ɗaɗa ta a raga. Ban san lokacin da na danna oda ba. Na danne ta kuwa sosai, har mai gadi ya taso. Na ce masa gwiwar hannuna ce ta zame.

Kwana biyun da suka biyo baya, maganarsa kawai ake yi a motata. Maigida yana sa waya a sifika, ni ina gaba ina tuƙi, ana sayar da ɗana ana saye a bayan ƙeyata. Gurbin ɗan wasan waje guda ɗaya ya rage musu, kuma saura kwana kaɗan a rufe kasuwar 'yan wasa. Koci ya ce shi yana so, irin gudun nan da saukar da ƙwallo ba shi da mai yi masa a gefe. Likita ya ce gwiwa ta warke, hoto bai nuna komai ba, amma gwiwar da aka taɓa buɗewa ba a rantse mata. Mudir, wato manajan ƙungiyar, shi ne mai ja. Yana da wani ɗan Kudancin Amirka ɗan shekara ashirin da huɗu da yake so a sayo. Koci ya ce ai wannan sai an biya ƙungiyarsa, namu kuwa hurr ne. Hurr a bakinsu shi ne ɗan wasan da ba ya hannun kowa, sai dai a yi magana da shi kai tsaye ya sa hannu. Mudir ya ce to abin da yake ba shi tsoro ke nan: idan yaron yana da kyau haka, me ya sa wata takwas yana zaune ba wanda ya taya? Ko dai akwai ciwon da yake ɓoyewa, ko kuwa hali ne da shi. Aka yi ta yi, koci yana ɗaga murya, mudir yana rantsuwa, maigida yana jan carbi yana cewa zai duba.

Ranar kwana na tara muna dawowa daga fili, magariba ta kusa, mun shiga cunkoso. Maigida yana baya yana duba takardun yaron. Sai na ji ya karanto sunan da ke kan fasfo, sunan yaron da nawa a jere. Shekara da shekaru shi yake sabunta mini iƙama, ya san sunana kamar nasa.

"Wannan ɗanka ne?" ya ce.

Na ce, "Ɗal umrak, ɗan gidanmu ne." Ɗal umrak shi ne ranka ya daɗe nasu.

"Ɗanka ne ko ba ɗanka ba ne?"

"Haka ake cewa."

A garinmu wannan amsa ce ta mutumin kirki. Duk dattijon da ya ji ta zai gyaɗa kai ya gane. Amma da Larabci na faɗe ta, ga mutumin da idan jikansa ya ci jarrabawar firamare sai ya yanka rago. Na hango shi ta madubi ya ajiye carbi.

"Ya girmi wanda nake kiranka da sunansa?"

"Ya girme shi."

"Shekara goma sha takwas ba ka taɓa ambatonsa ba."

Mota ta ɗan motsa, ta sake tsayawa. Sai ya matso gaba, ya dafa kujerata, ya yi magana a hankali irin ta mai neman shawara tsakani da Allah. Ya ce koci na ja nan, mudir na ja can, shi kuma kansa ya ɗaure. Ya ce bai taɓa kama ni da ƙarya ba, ko ta canjin man mota. Ya ce, "Kai ne ubansa, kai ka fi kowa saninsa. Mu ɗauke shi? Ya iya?"

Amsar tana nan a ƙirjina cike. Amma abin da aka gina ni da shi ya riga ta fita. Mutum ya yabi ɗansa na fari da bakinsa, a gaban maigidansa? Na ji kamar mahaifina yana zaune a kujerar gefe yana saurare. Na ce, "To, yana dai ɗan taɓawa. Shuwayya shuwayya. Akwai waɗanda suka fi shi."

"Gwiwar fa?"

"Sai dai Allah ya kiyaye."

"Halinsa?"

"Yaran yanzu ai sai addu'a."

Ya koma ya jingina. Ya ce, "Na gode. Allah ya saka maka." Ni kuwa, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau, na ƙarasa tuƙin nan ina jin daɗin kaina. Na ɗauka ya gane. Na ɗauka duk mai hankali ya san idan uba ya ce ɗansa yana ɗan taɓawa, to ɗan ya gagara ke nan. Na sauke shi a Nasiriyya, na yi sallah a masallacin unguwar, na koma Malaz har ina saya wa kaina lemo a hanya.

Washegari da hantsi ina wanke mota sai ga kiran mai tausa. Ko sallama bai yi ba.

"Kai majnun ne? Me ka ce wa mutumin nan jiya?"

Na ce ban ce komai ba, abin da ya dace na faɗa.

"Ya kira mudir ya ce halas, an gama magana, a kawo ɗan Amirkan. Ya ce uban yaron da kansa ya ƙi tsaya masa. Ya ce ka ɓoye shi shekara goma sha takwas, ka ce ma ba ka tabbata ɗanka ba ne!"

Tiyo yana hannuna ruwa yana zuba a takalmina. Na ce kunya ce, shi ai ya san kunya ce.

"Ni na sani, don kakata haka take yi wa babana. Shi ina ya sani? Shi a ganinsa mai ɗaki ne ya nuna masa inda yake yoyo. Ya ahi, ranar wanka ake ɓoyon cibi? Ga Hausar gwangwani ta san wannan, kai mai ta asali ba ka sani ba?"

Na ajiye tiyo na shiga gidan, abin da ban taɓa yi ba sai an kira ni. Na same shi a majalisi yana shan gahawa. Na tsaya a tsaye na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce ɗana ne na cikina, na fari. Na ce a wajenmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa, saboda girmansa a zuciya ne ba don ƙi ba. Na ce bai taɓa shan ko sigari ba, bai taɓa ɗaga wa babba murya ba, wata takwas yana gudu da asuba ba wanda ya sa shi. Na ciro waya na nuna masa bidiyoyin. Larabcina da ma na kasuwa ne da kan titi, ranar kuwa ya watse gaba ɗaya, ina haɗawa da Hausa ban sani ba.

Ya saurare ni har na gama, ya sa aka zuba mini gahawa, ya ce in zauna. Mutumin kirki ne, ban taɓa cewa ba shi ba ne. Ya ce bai taɓa jin irin wannan al'ada ba, amma ya yarda akwai ta. Sannan ya ce, "Jiya na tambaye ka ba shiri, ka ba ni amsa. Yau ka kwana, ka ji an fasa, tausayi ya kama ka. Kowane uba zai yi haka, ban ga laifinka ba. Amma ka gaya mini, in kai ne ni, wacce za ka ɗauka, ta jiya ko ta yau?" Ya ƙara da cewa ko da ma ya so ya sauya, mudir ya riga ya aika wa ƙungiyar wancan da takarda tun da safe, kuma shi ba ya mayar da maganarsa. Mai tausa ya je ya same shi da rana, koci ma ya kira ya yi faɗa, duk ba ta sauya ba. Magana zarar bunu ce, na sha faɗa wa wasu haka, ranar na ga tawa a waje.

Na nemi izini in kai shi filin jirgi da kaina, maigida ya ce in ɗauki babbar motar. Jirgin na azahar ɗin washegari ne. Na same shi a ƙofar masauki da jaka ɗaya da takalman ƙwallonsa a leda. Ya buɗe baya zai shiga, don ba ya zama kusa da ni, na ce ya dawo gaba. Muka kama hanyar arewa, gari yana raguwa, rana ta yi fari a kan titi. Na yi niyya tun daga Malaz zan faɗa masa komai. Na shirya maganar, na maimaita ta ina wanka. Muka wuce gada ta farko ban fara ba, muka wuce ta biyu.

Shi ya fara. Yana kallon gaba ya ce, "Baba, an gaya mini abin da ya faru."

Na ce, "Uhm."

"Na ce wa mai tausa ya daina ɗora maka laifi. Na san kunya ce. Kuma da rabona ne, ko me ka ce sai sun ɗauke ni."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya ce amin. Na tambaye shi ko akwai wata ƙungiyar da ke nemansa. Ya ce akwai wani dillali da ya yi masa alkawari, amma kasuwa ta kusa rufewa ko'ina, kuma wanda ya kai talatin ba ƙungiya ba a cika waiwayarsa ba. Ya faɗe ta ba ɗaci, kamar labarin wani yake bayarwa. Ba a jima ba muka fara ganin alamun Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid.

Na tsaya a wurin sauke fasinja. Ɗan sanda yana ta hura usur kada a daɗe. Ya kwance bel, ya sa hannu a marfin ƙofa, amma bai buɗe ba. Sai ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro.

"Baba, mai tausa ya ce ka kalli wasan nan ta cikin shingen waya. Ya ce kai ka danna oda."

"Hannuna ne ya zame."

Ya ɗan yi murmushi. "To. Ni dai abu ɗaya nake so in ji, ba kowa a nan, daga ni sai kai. A ganinka, na iya?"

Jiya-jiya na faɗa wa Balarabe, a tsaye, da Larabcin da ba nawa ba. Yanzu ga mai abin a gabana, ga harshen uwata a bakina. Na buɗe baki. Na kalli sitiyari, na kalli ɗan sandan, na gyara madubin da ba abin da ya same shi. Na ce, "To, ai mutane suna ta cewa ka iya."

"Mutane," ya ce.

Ya gyaɗa kai sau biyu. Ya fita ya ɗauki jakarsa a but, ya zagayo ta gefena ya rusuna ya ce in yafe masa, in yi masa addu'a. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ya gaida mutanen gida. Na bi bayansa da kallo har ƙofar gilas ta rufe, yana tafiya ba ɗingishi ko kaɗan. Ɗan sanda ya buga mini mota na ja. Ban yi nisa ba na sauka gefen titi na kifa kai a sitiyari na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu.

Dillalin nan bai sake kira ba. Ya ƙara shekara ɗaya yana gudun asuba, sannan ya daina. Yanzu yana da shago a bakin kasuwar garinmu yana sayar da takalma da rigunan ƙwallo, da yamma kuma yana koyar da wata ƙungiyar unguwa. Ɗan Amirkan da aka sayo ya yi kaka ɗaya ya tafi, ban san ko ya fi shi ko bai fi shi ba, ban taɓa yarda na kalli wasansa ba. Wataƙila da an ɗauki nawa gwiwar ta sake tashi a wata na biyu, mudir ya ce ai ya faɗa. Na kan gaya wa kaina haka, ba ya rage komai.

Ya iya. Wallahi ya iya, ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau a duniya kamar yadda ya tare ƙwallon nan a kan layi ba. Ga shi na rubuta, kuma rubutun bai yi mini wuya ba, don takarda ba ta da ido. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yana kirana. Ya gaishe ni, in tambaye shi kakarsa da uwarsa da yara da kasuwa. Kowace Juma'a ina riƙe da amsar, ina jira ya ba ni ƙofa ko 'yar ƙanƙanuwa ce. Shekara uku ke nan, bai sake tambayata ba.